Shirun da Nata'ala Ya Zaɓa

Duk Bahaushen da ya zauna a Alƙahira a shekarun saba'in da tamanin, in dai ya taɓa kai iyalinsa bakin teku, da wuya a ce bai bi ta hannun Malam Nata'ala ba. Direba ne a ofishin jakadanci da ke Zamalek, gajere mai faɗin kafaɗa, hularsa kullum a karkace kamar wanda aka ƙwala wa kira yana tsakiyar sa ta. Mutumin Malumfashi ne. Karatu ya kawo shi Masar a 1971, ya zauna a Darrasa cikin ɗalibai, ya yi fama da nahawu, nahawu ya yi fama da shi, har dai suka rabu lafiya kowa ya kama gabansa. Abin da Allah ya hore masa shi ne hanya. Ka kai shi unguwa sau ɗaya, ya haddace lungunanta fiye da yadda ya taɓa haddace baiti, don haka da ya koyi tuƙi bai sha wahalar samun aiki ba.

Da zafin Alƙahira ya kankama, duk mai ɗan hali sai ya nufi Iskandariyya ya kama gida kusa da ruwa. Maigidansa a ofis, Alhaji Sanusi, mutum ne da ko ƙarar cokali a kofi ke hana shi sukuni, shi ya fara tura Nata'ala gaba ya nemo masa wuri. Nata'ala bai yarda da dillalan gidaje ba, don a bakinsu kowane kango fada ce. Sai ya ɓullo da tasa dabarar. Zai shiga layi bayan la'asar, lokacin da gari ya farka daga barcin rana, ya tsaya a tsakiya, ya cire hula, ya rufe ido, ya kasa kunne. In ya ji rediyon gidan shayi, ko masu buga domino a kan tebur, ko gudumar makanike, sai ya mayar da hularsa ya yi gaba, ko leƙa ɗakin ba zai yi ba. Misirawa suka ɗauka taɓin hankali ne. Amma Alhaji Sanusi ya dawo hutu yana yabo, labari ya bazu, har ɗaliban da iyayensu suka zo ganin likita sukan zo nemansa. Shi kuwa ya samu abin taƙama.

"Ni ba ɗaki nake nema ba," in ji shi, "shiru nake nema. Ɗaki ai ko'ina akwai."

Abin dariya, wannan mafaraucin shiru sai ya je gida a 1977 ya auro Lauratu, wadda ba ta san inda shiru yake kwana ba. Siririya ce mai wushirya. In tana wanke-wanke tana waƙa, in tana shara tana yi wa tsintsiya faɗa. Ta sa ya ɗauko mata turmi tun daga Malumfashi, ta girke shi a hawa na uku a Madinat Nasr, har maƙwabcin ƙasa ya hauro ba takalmi yana tambaya ko rushe gidan ake yi. Larabcinta na kasuwa ne, ba ruwansa da ƙa'ida, amma da shi take sa mai tumatir ya yi mata gyara yana dariya. Nata'ala yakan dawo a gajiye ya ce, "Laure, don Allah bar kunnena ya huta." Ita kuma ta ce, "Malam, yini guda kana jin ƙarar mota, tawa ce ta yi maka yawa?" Sai ya yi tsaki ya juya, don kada ta ga yana murmushi. Yana son ta ƙwarai, kuma irin mutanen nan ne da ba sa furtawa.

Haihuwa ta yi musu jinkiri. Shekara ta bi shekara, 'yan uwa daga gida suna aiko da sassaƙe da rubutu, sai a tsakiyar zafin 1983 Allah ya ba su ɗa namiji. A asibiti aka miƙo masa jaririn cikin farin zane, ya juya wa mutane baya, ya yi masa kiran salla a kunne, ya raɗa masa huɗuba da sunan da ya daɗe da ajiyewa a ransa. Kamar yadda ake yi a gida, bai gaya wa kowa ba, ya bari sai ranar suna a ji. Ya sayi rago ya ɗaure a saman bene, ya gayyaci Hausawan Alƙahira kaf, na Darrasa da na Zamalek. Yaron bai kai ranar ba. Numfashi ya sarƙe masa, aka koma asibiti, daga can sai maƙabarta. Ragon aka bayar da shi sadaka.

Mata sun zo gaisuwa, ba a ce ba su zo ba. Hajiya Batulu matar Alhaji Sanusi ita ce kan gaba, mace mai kirki, har abinci ta riƙa aikowa. Amma ɗan fari ne, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta ambaton sunansa, ba ta rawar kai a kansa, in ya rasu ma ba ta ɓare baki a gaban mutane. Lauratu ta zauna a kan tabarma ta sunkuyar da kai, ana cewa sai haƙuri tana cewa haƙuri ya zama dole. Matan suka fito suna yabonta a kan matakala, wai ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, 'yar gidan mutunci. Haka aka yabe ta har aka rufe mata baki, kowa ya koma gidansa.

Daga ranar gidan ya yi tsit. Turmi ya koma bayan ƙofa. Lauratu tana salla, tana cin loma biyu in an matsa mata, tana amsa sallama, shi ke nan. Nata'ala ya samu shirun da ya yi shekaru yana roƙo, sai ga shi yana jin tsoron buɗe ƙofar gidansa.

Wani ɗalibi da ya dawo daga hutu ya kawo kaset daga Inna, mahaifiyar Lauratu. Nata'ala ya sa a rikoda ya saurara shi kaɗai a cikin mota. Bayan gaisuwa da addu'a, tsohuwar ta ce ta ji labarin halin da 'yarta ke ciki, ita kuma tun rasuwar maigidanta ba ta da abin kallo sai yarinyar nan, don haka a sako mata ita a jirgi ta yi jinya a gida. Hajiya Batulu kuwa za ta je gida a ƙarshen Oktoba, ta ce za ta tafi da ita. Ba wanda ya yi maganar rabuwa, amma Nata'ala ba yaro ba ne. Ya san in Lauratu ta sauka a Malumfashi a haka, ba mai barin ta ta sake tsallaka teku, shi kuma abincinsa a nan yake. In bai samo matarsa ba kafin ƙarshen wata, ya rasa ta.

Likita ya ce canjin iska zai taimaka. Nata'ala ya ji maganar ta faɗo a fanninsa. Ya nemi hutu, Alhaji Sanusi ya ba shi, ya ƙara masa da aron tsohuwar Fijo. Ya bar Lauratu wurin Hajiya Batulu, ya tafi Iskandariyya neman wuri, wannan karon ba don wani ba.

Masu hutu sun watse a lokacin, gari ya koma hannun masu shi. Wani dillali ya fara kai shi Mandara, wani ɗan layi da ke gangarawa zuwa teku, gidaje masu hawa biyu da uku, irin na mutanen da ke zaune a wurin zafi da sanyi. Ya tsaya a tsakiya ya cire hula ya rufe ido. Ba gidan shayi, ba makanike. Ruwa kawai yake ji daga ƙarshen layi, da ƙamshin albasa da ake soyawa. Har ya fara gyaɗa kai, sai wata murya ta faɗo masa daga sama.

"Ya usta! Kanka ke ciwo?"

Usta shi ne abin da Misirawa ke kiran direba, kuma ta ga mota. Ya ɗaga ido ya ga wata ƙatuwar tsohuwa cikin baƙar riga ta jingina da baranda. Umm Sayyid ke nan, wato uwar Sayyid, matar wani masunci da ya rasu, kuma ɗakunan da dillali ya kawo shi gani a saman nata suke. Kafin ya gama hawa bene ta ba shi tarihin gwiwarta da sunayen likitocin da suka kasa ta. Ɗakunan fes suke, taga na kallon ruwa. Amma da ya leƙa ta tagar sai ya ga igiyoyin shanya daga baranda zuwa baranda, kuma a ta kusa an jera ƙyallayen jariri da 'yan safa ƙanana kamar babban yatsa. Ya ce a ransa, mace mai surutu a ƙasa, kayan jariri a gaban taga, ai wannan fama wa Laure ciwo ne. Ya mayar da hula ya sauka, tsohuwar tana bin shi da tayin shayi.

Wuri na biyu can gaba yake, wajen Ma'amura, jerin benaye na masu zuwa hutu, tagogi duk a rufe, sai wani tsohon mai gadi da ba ya ji sosai. Nata'ala ya cire hula ya daɗe a tsaye. Ko kukan kyanwa babu. A duk shekarun da ya yi yana wannan aiki bai taɓa cin karo da shiru mai kyan wannan ba. Nan take ya kama ɗaki, ya koma Alƙahira yana jin ya yi abin kai.

Ya kawo Lauratu. Ya ajiye mata kujera a bakin taga, ta zauna ta lulluɓe da mayafi tana kallon teku, tekun yana ta abin da ya saba. Shi ke dafa abinci, in dai za a kira abin da yake yi dafawa. Yana tafiya da sanɗa, ya hana kansa kunna rediyo, ko tari sai ya fita waje. Sau da yawa yakan zo bayanta ya tsaya, maganar yaron ta zo masa har baki, sai ya haɗiye. A ganinsa tayar da zancen mugunta ne, ga kuma tasa kunyar, don shi ma ɗan farinsa ne. Kwanaki suka yi ta wucewa, ƙarshen wata yana matsowa, Lauratu tana ƙara ramewa.

Ran nan da hantsi ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Malam, mutanen nan duk mutuwa suka yi?"

"Hutu ne ya ƙare, Laure. Kowa ya koma gida."

Ta ce, "To." Ya fita bakin ruwa ya tsaya, ya rasa inda zai sa ransa. Ya yi iyakar abin da ya iya, kuma ga shi yana kallo abin ba ya ci.

Gas ne ya fitar da su. Ana tsakiyar dafa shinkafa wuta ta mutu. A unguwar mutane da sai dai ka jira mai kura ya zo yana buga sifana a jikin tukunya, amma mai gadi ya ce a nan ba mai zuwa sai zafi ya dawo, sai dai a je Mandara. Nata'ala bai yarda ya bar ta ita kaɗai da wannan tagar ba. Ya sa tukunyar gas a bayan mota, ya lallaɓa ta ta shiga gaba. Da suka isa sai ya ga shagon gas ɗin a bakin layin nan da ya ƙi yake. Ya ja mota gefe inda ba za ta hango shanya ba, ya ce ta jira shi, ya shiga layin masu jira.

Da ya dawo ɗauke da tukunya a kafaɗa, motar ba kowa, ƙofa a buɗe. Ya dire tukunyar a ƙasa. Ya dubi gabas ya dubi yamma, sai idonsa ya sauka kan ruwan da ke ƙarshen layi. Ya zabura a guje, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, takalmi ɗaya ya fice bai tsaya ba.

"Ya usta! Kai mai ciwon kai! Ina za ka? Matarka na nan sama!"

Ya hau benen yana haki. Umm Sayyid ta tare shi a ƙofa da bayani tun bai tambaya ba. Ta zuro kwando da igiya daga baranda, kamar yadda matan garin ke yi in za su yi cefane, sai mai kayan miya ya tura kurarsa gaba bai ji ta ba, ita kuma ga gwiwa. Ta hango mace zaune a mota ba abin da take yi, ta yi ta kiranta har ta fito. Lauratu ta ɗauki kuɗin daga kwando, ta bi mai kura ta sayo tumatir, maimakon ta zuba a kwando sai ta hauro da shi da kanta.

"Kuma ta sa ya yi mata gyara," in ji tsohuwar. "Wannan ɓarawon, ni tun yana yaro nake saye wurinsa bai taɓa ƙara min ko ɗaya ba!"

Lauratu na zaune a bakin gado da kofin shayi a hannu. A bango akwai hoton wani saurayi cikin kakin soja, an ɗaura baƙin ƙyalle a gefensa. A ƙasa kuma wata matashiyar maƙwabciya ta baje tana shayar da jariri, mai safan nan ke nan. Abin da Nata'ala ya guje wa duk ga shi an haɗa masa a ɗaki ɗaya. Ya ce a ransa bari su sha shayin nan su gudu.

Umm Sayyid ta zauna da ƙyar ta dube shi.

"Ta gaya min sunanta, harshena ya kasa. Kuma mu nan ba ma kiran matar aure da sunanta tsirara, da sunan ɗanta muke kiranta. Umm wa ce?"

Ya amsa da Larabci, da sauri, don a wuce wurin.

"Allah bai ba mu ba tukuna, ya Hajja."

Larabcin kasuwa ya ishi Lauratu ta gane wannan. Ta ɗago kai ta dube shi, karo na farko tun daga asibiti, ta ce da Hausa, "Malam, ka ji tsoron Allah. Ya ba mu."

Tsohuwar ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce me ta ce. Ba yadda zai yi, ya gaya mata. Yaro ne, ya zo, bai kai ranar suna ba ya koma.

Umm Sayyid ta dafe ƙirji. "Ya tafi ba suna?"

"Yana da suna."

"To mene ne?"

Lauratu ta ja mayafi ta rufe fuska, kamar yadda kowace 'yar mutunci za ta yi in an zo kan ɗan fari. Amma Nata'ala ya ga yadda ta karkato da kai wajensa. A nan abin ya faɗo masa. Ba ta sani ba. Shi kaɗai ya raɗa sunan, ya ajiye sai ranar suna, ranar ba ta zo ba. Shi bai faɗa ba don kada ya fama mata, ita ba ta tambaya ba don kunya. Duk watannin nan tana zaune da ɗan da ta ɗauka a ciki ta haifa, ba ta san me za ta kira shi ba ko a cikin addu'a. Shi kuma yana ta yawon nemo mata shiru.

Ya ce, "Sada."

Sannan ya juya wajenta ya koma Hausa. "Sunan Baba na mayar, Laure. Sunan mahaifinki. So na yi ki ji ranar suna, ki yi farin ciki."

Umm Sayyid ba ta ji Hausa ba, ba ta kuma bukaci a fassara mata ba. Ta nuna hoton bango.

"Wancan shi ne Sayyid. Ya tafi Sina'i a yaƙin sittin da bakwai, ko gawarsa ban gani ba. Har yau ni ce Umm Sayyid, wa ya isa ya karɓe min?" Ta matso ta kama hannun Lauratu biyu ta riƙe. "Marhaba da ke, ya Umm Sada."

Kukan da Lauratu ta fasa, Nata'ala bai taɓa jin irinsa daga bakinta ba. Ya miƙe da niyyar cewa a yi haƙuri, a daina, mutane na ji. Tsohuwar ta daka masa tsawa.

"Fita, ya usta! Yalla, je ka kula da tukunyarka. Wannan ba aikin maza ba ne."

Ya fita ya zauna a kan matakala da takalmi ɗaya. Mata suka fara haurowa cikin silifa, wata da tire, wata da gari a hannu ba ta ko wanke ba, suna raɓa shi suna cewa ma'alish, wato sai haƙuri. Daga ciki yana jin kukan matarsa, yana jin wasu sun kama mata, yana jin sunan nan yana yawo daga baki zuwa baki. Ya cire hula, wannan karon ba don ya auna unguwa ba, ya rufe fuskarsa da ita ya yi nasa kukan.

Washegari suka kwaso kayansu suka dawo ɗakunan saman Umm Sayyid. Ba a ce Lauratu ta warke a rana ɗaya ba. Akwai safiyar da takan tashi ba ta son ganin kowa, sai dai a layin nan ba a tambayar mutum ko yana so. Kwando zai bugi taga, ko a aiko da farantin kifi, ko a dire mata jariri a cinya a ce riƙe min in sauke tukunya. Farantin kuwa ba a mayar da shi wayam, wannan ko a Malumfashi haka ne, dole ta shiga kicin. Ta ari ɗan turmin tagulla na tsohuwar ta daka gyaɗa ta dama kunu, matan layi suka sha suna gardama kan abin da aka sa a ciki. Nata'ala na dawowa daga masallaci ya jiyo daka tun daga bakin layi, ya tsaya ya jingina da bango har aka gama.

Ranar da hutunsa zai ƙare ya same ta tana ninke kaya. Ya daɗe yana gyaran murya.

"Laure, Hajiya Batulu jibi za ta tashi. In kin ga tafiyar ta fi miki, ba zan hana ki ba. Inna na da hakki."

Ta ci gaba da ninki, sai can ta ce, "In na je gida Inna za ta yi min komai, na sani. Amma ba wanda zai ambace shi, Malam. Ga kunyar ɗan fari, ga sunan Baba. Ni kaina ba zan iya ba. Zai zama kamar bai zo ba."

Kafin ya sami abin cewa sai murya ta taso daga barandar ƙasa, irin wadda ake ji har bakin ruwa.

"Ya Umm Sada! Sauko ki ga abin da ɓarawon nan ya sa min a kwando!"

"Na'am!" in ji Lauratu, da ƙarfi, ta ajiye zanen da ke hannunta. A bakin ƙofa ta waiwayo. "Ka nemo kaset in mun koma. Zan yi wa Inna magana da bakina, Hajiya ta kai mata."

Haka Hajiya Batulu ta tafi da kaset, Lauratu ta zauna. Turmi ya fito daga bayan ƙofa, maƙwabcin ƙasa ya koma ƙorafinsa. A 1985 suka sami 'ya mace, Murja, aka yi suna aka ci rago. Duk shekara in masu hutu suka watse sai su tafi Mandara, ɗakunan nan dai, kuma a layin ba wanda ya taɓa canza wa Lauratu suna don an haifi wata. Nata'ala bai bar cire hula a tsakiyar layi ba, sai dai yanzu in ya kasa kunne bai ji komai ba sam, gaba yake yi. Yakan duba ko akwai shanya, ko akwai kwando a rataye, ko wani zai leƙo ya tambaye shi abin da ke damunsa. Alhaji Sanusi ya ce hannun Nata'ala ya lalace. Shi dai bai yi musu ba.

Abu ɗaya ne bai canza ba. Tun ranar nan a ɗakin tsohuwa bai sake furta sunan ba. Kunyarsa ta dawo ta zauna daram, Laure yake ce mata kamar da, ya bar wa mutanen Mandara sauran.

A 1989 aikinsa ya zo ƙarshe, suka ɗaure kaya za su koma gida gaba ɗaya. Lauratu ta ce ba ta barin Masar ba ta yi sallama da Umm Sayyid ba. Suka isa layin da la'asar, sai maƙwabciyar nan mai jariri, wanda yanzu har ya shiga makaranta, ta tare su da labari. Tsohuwa ta rasu cikin sanyin da ya wuce, ba su san inda za su aika ba. Lauratu ta hau sama ta yi gaisuwa. Nata'ala ya tsaya a ƙasa riƙe da hannun Murja, ya yi wa tsohuwar addu'a, yana tuna shayin da ya ƙi sha ranar farko.

Can ya ɗaga kai ya ga matarsa ta fito baranda ita kaɗai. Kwandon na nan rataye da igiyarsa, ta dafa shi ta yi tsaye, ta daɗe. Ya san abin da ke ranta, don shi ma shi ne a nasa. Muryar da ta saba kiranta ta tafi, jibi kuma suna Malumfashi, inda ba mai ambaton sunan.

Ya saki hannun yarinyar, ya taka zuwa tsakiyar layi, daidai inda ya taɓa tsayawa. Ya cire hula. Mai kayan miya na kallo, mata na kallo daga tagogi. Ya ɗaga murya.

"Umm Sada! Sauko mu tafi gida."

Ta leƙo ƙasa ta dube shi, ta kai bakin mayafi ga idonta.

"Malam, a tsakiyar layi? Ba ka jin kunya?"

"Ina ji."

"To sake faɗa."

Ya sake faɗa.